Patrice Lumumba, Firayim Ministan Kwana 67

A cikin shugabannin da suka karɓi mulki daga hannun Turawa a shekarar 1960, da wuya a sami wanda zamaninsa ya kai na Patrice Lumumba gajarta. An ba ƙasar Kwango mulkin kai ranar 30 ga Yuni, aka yi shelar tuɓe shi ranar 5 ga Satumba, watau kwana 67 ke nan ya yi yana riƙe da ragamar ƙasa mai 'yanci. Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki kuma aka kashe shi, yana ɗan shekara 35. Duk da haka sunansa ya fi na waɗansu da suka shekara talatin a kan kujera yaɗuwa a duniya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ya shiga siyasa, da yadda ya hau, da kuma abubuwan da suka haɗu suka kayar da shi.

Asalinsa da shigarsa siyasa

An haifi Lumumba ranar 2 ga Yuli, 1925, a wani ƙauye da ake kira Onalua, cikin yankin Katako-Kombe na lardin Kasai. Ɗan ƙabilar Tetela ne, wadda ba ta cikin manyan ƙabilun ƙasar, kuma wannan ya yi tasiri a kan siyasarsa daga bisani, domin wanda ba shi da babbar ƙabilar da zai jingina da ita, dole ne ya nemi jama'a a ko'ina. Ya yi karatun firamare a makarantun mishan, bai kuwa yi nisa ba, sauran iliminsa duk da kansa ya neme shi ta wajen karance-karance. A cikin 1944 ya sauka birnin Stanleyville, wanda a yau ake kira Kisangani, ya zama akawu a gidan waya, ya kuma riƙa rubutu a jaridu yana shugabantar ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan boko.

Wajibi ne mai karatu ya san irin ƙasar da ya tashi a cikinta. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakar Sarki Leopold na Biyu ce shi kaɗai, kamar yadda mutum yake mallakar gonarsa, kuma zaluncin da aka yi wajen tara roba da hauren giwa shi ya sa gwamnatin Beljiyam ta karɓe ta daga hannunsa. Beljiyawa sun gina makarantun firamare da asibitoci masu yawa, amma sun tsuke ƙofar ilimi mai zurfi, sun hana siyasa. Sai a 1954 aka buɗe jami'ar farko, watau Lovanium. Ranar da aka ba da mulkin kai, 'yan ƙasar da suka gama jami'a ba su kai 30 ba, a ƙasar da ta ninka Nijeriya fiye da sau biyu wajen faɗi. A rundunar soja kuwa babu baƙar fata ko ɗaya mai muƙamin hafsa.

Da farko Lumumba ba mai zafin ra'ayi ba ne. Burinsa a lokacin bai wuce a daidaita albashi da mutunci tsakanin Bature da baƙin mutum mai ilimi ba, a kuma zauna tare da Beljiyam cikin zumunci. A 1955 yana cikin waɗanda suka gana da Sarki Baudouin sa'ad da ya kawo ziyara. A 1956 aka kai shi yawon buɗe ido Beljiyam, dawowarsa ke da wuya sai aka kama shi bisa laifin cin kuɗin gidan waya, aka ɗaure shi. Ya amsa laifin, kuma maƙiyansa ba su daina goranta masa wannan tabo ba har ƙarshen ransa. Da ya fito a 1957 sai ya koma Leopoldville, babban birnin ƙasar, Kinshasa ta yanzu, ya kama aikin tallar kaya a wani kamfanin giya. Aikin nan ya shigar da shi lungu-lungu na birnin, ya san talakawa suka san shi, ya kuma goge wajen magana da taro cikin harshen Lingala, ban da Faransanci da Suwahili da ya riga ya iya.

A watan Oktoba na 1958 shi da waɗansu abokansa suka kafa jam'iyyar MNC. A watan Disamba ya halarci taron al'ummomin Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Ankara ta ƙasar Gana, daga can ne kuwa ya dawo da wani sabon harshe, ya tsaya gaban dubban mutane a Leopoldville ya nemi 'yancin kai a fili. Ranar 4 ga Janairu, 1959, tarzoma ta ɓarke a birnin bayan an hana jam'iyyar ABAKO ta Joseph Kasavubu yin taro, aka kashe mutane da dama. Kwana tara bayan haka Sarkin Beljiyam ya yi alkawarin mulkin kai, amma bai sa rana ba. A watan Maris na shekarar nan Lumumba ya zo Nijeriya, ya yi jawabi a wani taro a jami'ar Badun a kan haɗin kan Afirka.

Babban abin da ya raba shi da sauran 'yan siyasar Kwango shi ne fasalin ƙasar. Kasavubu ya dogara da ƙabilar Bakongo, Moise Tshombe da jam'iyyarsa ta CONAKAT sun dogara da lardin Katanga mai arzikin ma'adinai, dukansu kuwa suna son tarayya mai sako-sako inda kowane lardi zai ci gashin kansa. Lumumba ya dage a kan ƙasa ɗaya mai gwamnati mai ƙarfi a tsakiya, yana ganin tarayya ƙofa ce da Turawa za su bi su yayyanka ƙasar. A watan Yuli na 1959 jam'iyyarsa ta dare biyu, Albert Kalonji da Joseph Ileo suka ware, suna zarginsa da yin gaban kansa ba da shawara ba. Zargin nan yana da ƙamshin gaskiya, kuma za a sake jin sa nan gaba.

Bayan wata tarzoma a Stanleyville a ƙarshen Oktoba aka sake kama shi, aka yanke masa ɗaurin wata shida. Yana kurkuku aka buɗe taron shawarar mulkin kai a Burasel ranar 20 ga Janairu, 1960. Wakilan Kwango suka matsa sai an sako shi, aka kuwa sako shi, ya iso zauren taron da bandeji a wuyan hannuwansa inda ankwa ta ci shi. A taron nan aka yanke ranar 30 ga Yuni. Beljiyam, wadda 'yan shekaru kaɗan kafin haka take jin maganar shirin shekara talatin a matsayin gaggawa, sai ga ta ta yarda ta miƙa mulki cikin wata biyar. Lissafinta shi ne a ba 'yan ƙasa tuta da kujeru, soja da ma'aikatu da kamfanoni kuwa su zauna a hannun Beljiyawa.

A zaɓen watan Mayu jam'iyyar Lumumba ta ci kujeru 33 daga cikin 137 na Majalisar Wakilai, ta fi kowace jam'iyya, amma ta yi nisa da rinjaye. Hukumomin Beljiyam sun yi ta neman wanda zai kafa gwamnati ba shi ba, abin ya faskara. Ya haɗa gwamnatin gamin gambiza, majalisa ta amince da ita ranar 24 ga Yuni da ƙuri'a 74. A ranar nan aka zaɓi Kasavubu shugaban ƙasa, da goyon bayan Lumumba kansa. Tsarin mulkin wucin gadi da aka ba ƙasar an kwaikwayo shi ne daga na Beljiyam, inda sarki yake sarauta firayim minista yake mulki. A cikinsa akwai wata aya mai cewa shugaban ƙasa shi ke naɗa firayim minista shi ke tuɓe shi. A Beljiyam al'ada ta riga ta mai da wannan aya ado, amma a Kwango babu wata al'ada da za ta daƙile ta.

Kwanakin mulki

Ranar bikin mulkin kai Sarki Baudouin ya yi jawabi yana yabon Leopold na Biyu, yana kuma yi wa 'yan Kwango nasiha kada su yi garajen canza abin da aka bar musu. Kasavubu ya mayar da jawabi mai laushi. Sai Lumumba, wanda babu sunansa a jerin masu magana, ya miƙe ya nufi lasifika. Ya ce 'yancin nan da gwagwarmaya aka same shi, sa'an nan ya shiga lissafa abin da mutanensa suka gani, aikin tilas, da duka, da zagi, da ƙwace filaye, da shari'a iri biyu, ta Bature daban ta baƙi daban. Har ya ambaci yadda ake kiran baƙin mutum da lamirin raini, ana keɓe wa Bature lamirin girmamawa, abin da Bahaushe zai gane da sauƙi in ya tuna bambancin ce wa dattijo kai da ce masa ku. Ana watsa jawabin ta rediyo, talakawa suka ji abin da ke ransu an faɗa a gaban sarki. Beljiyawa kuwa suka ɗauke shi cin fuska, kuma ko da yake ya yi wani jawabi na lallashi a wajen liyafa a ranar, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai mutumin da sojansa da baitulmalinsa duk suna hannun waɗanda ya muzanta, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Ba a yi mako guda ba abin ya fashe. Rundunar soja tana da mutum kusan 25,000 a ƙarƙashin hafsoshi Beljiyawa kimanin 1,000. Sojoji suna kallon akawuna sun zama ministoci dare ɗaya, su kuwa suna nan inda suke. Ranar 5 ga Yuli kwamandansu, Janar Emile Janssens, ya tara su ya rubuta a allo cewa bayan mulkin kai daidai yake da kafin mulkin kai. A daren nan bore ya tashi a barikin Thysville, ya bazu. Lumumba ya ƙara wa kowane soja muƙami ɗaya, ya sallami Janssens, ya naɗa Victor Lundula kwamanda, ya kuma naɗa amininsa Joseph Mobutu, tsohon samanja kuma ɗan jarida, shugaban hafsoshi da muƙamin kanar. An kai wa Turawa hari a wurare da dama, an ci zarafin mata, dubban Beljiyawa suka tsere, ma'aikatun gwamnati suka zama kango.

Ranar 10 ga Yuli Beljiyam ta saukar da sojojinta ba da izinin gwamnatin Kwango ba, ta ce don kare 'yan ƙasarta ne. Kashegari Tshombe ya yi shelar ɓallewar Katanga. A nan ne zuciyar rikicin take. Katanga ita ce ke da jan ƙarfe da kobalt da yuraniyam, daga mahaƙar Shinkolobwe ta can ne ma aka sami yawancin yuraniyam da Amurka ta ƙera bam ɗinta na farko, kuma kusan rabin kuɗin shigar ƙasar daga lardin yake fitowa. Kamfanin Union Miniere ya koma biyan harajinsa ga Tshombe, sojojin Beljiyam suka kwance wa sojojin gwamnati ɗamara a lardin. Da Lumumba da Kasavubu suka tafi can cikin jirgi ɗaya, aka hana su sauka a Elisabethville, Lubumbashi ta yau.

Su biyun suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 14 ga Yuli Kwamitin Sulhu ya nemi Beljiyam ta janye, ya kuma yarda a aika da sojoji, cikin 'yan kwanaki sai ga na Tunisiya da Gana da Maroko da Habasha sun fara sauka. Amma tun daga farko kowa da abin da ya fahimta. Lumumba yana ganin an aiko sojojin nan ne su taimaki halattacciyar gwamnati ta maido da Katanga. Babban Sakatare Dag Hammarskjold yana ganin ɓallewar rikicin cikin gida ne wanda Majalisa ba za ta sa ƙarfi a cikinsa ba. A ƙarshen Yuli Lumumba ya tafi Amurka neman taimako, bai sami ganin Shugaba Eisenhower ba, ya dawo hannu rabbana bayan ya biya ta waɗansu ƙasashen Afirka. Kusan mako biyu da rabi ya yi a waje, lokacin da gida yake ci da wuta, ministocinsa kowa yana harkar gabansa.

A farkon Agusta Kalonji ya ɓalle da kudancin Kasai, inda ake haƙar daiman. Ranar 12 ga wata Hammarskjold ya shiga Elisabethville da sojojin Suwidin, ya zauna da Tshombe, bai tafi da wakilin gwamnatin tsakiya ko ɗaya ba. Lumumba ya aika masa da wasiƙu masu zafi, daga nan igiyar da ke tsakaninsu ta tsinke. Sai ya juya wajen Tarayyar Sobiyet, ta ba shi jiragen sama na jigila da manyan motoci, ya tura soja Kasai da niyyar su zarce Katanga. Sojojin nan, waɗanda babu horo babu guzuri, suka karkashe fararen hula 'yan ƙabilar Luba masu yawa a Bakwanga da kewayenta. Ba shi ya ba da umarnin kisan ba, amma shi ya aika da rundunar da ya san ba ta jin linzami, don haka ba za a wanke shi tas ba.

Zuwan jiragen Rasha shi ya yanke masa hukunci a Washinton. Lumumba ba ɗan gurguzu ba ne, ya nemi Majalisa, ya nemi Amurka, sai da ƙofofin nan suka rufe ya ƙwanƙwasa ta uku. Amma zamanin yaƙin cacar baka ne, ba a sauraron irin wannan bayani. Kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka ya tabbatar a 1975 cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta shirya kashe shi, har an kai guba Leopoldville a watan Satumba, ko da yake ba a yi amfani da ita ba.

Da daren 5 ga Satumba Kasavubu ya shiga gidan rediyo ya yi amfani da ayar nan ta tsarin mulki, ya ce ya tuɓe Lumumba ya naɗa Ileo. Kafin gari ya waye Lumumba shi ma ya shiga ya ce ya tuɓe Kasavubu. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Andrew Cordier, ya rufe filayen jiragen sama da gidan rediyon. A ido matakin ya shafi kowa, amma Kasavubu yana iya magana ta rediyon Brazzaville da ke tsallaken kogi, Lumumba kuwa an raba shi da makaminsa guda ɗaya, watau harshensa, an kuma hana sojojin da ke goyon bayansa isowa. Duk da haka ya je majalisa ya yi magana, wakilai suka soke tuɓewar duka biyu, dattawa suka mara masa baya da ƙuri'a 41 a kan 2. Ranar 14 ga Satumba Kanar Mobutu ya yi shelar cewa soja sun jingine shugaban ƙasa da firayim minista da majalisa gaba ɗaya, ya kori jakadun Rasha, ya damƙa ma'aikatu ga waɗansu matasa 'yan jami'a. Kasavubu ya ci gaba da zama a fadarsa ana damawa da shi, jinginewar a kan mutum ɗaya ta faɗa.

Ƙarshensa

Daga 10 ga Oktoba Lumumba yana tsare a gidansa, sojojin Majalisa sun kewaye shi suna gadinsa, na Mobutu kuma sun kewaye su suna jiran ya fito. Ranar 22 ga Nuwamba babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wakilan Kasavubu a matsayin masu magana da yawun Kwango. Ganin haka, da daren 27 ga wata ya sulale cikin mota ya nufi Stanleyville, inda mataimakinsa Antoine Gizenga yake harhaɗa magoya baya. Tafiyar ta yi nawa, domin ga ruwan sama ga jiran fito, ga shi kuma duk inda jama'a suka tare shi sai ya tsaya ya yi musu jawabi. Aka cim masa a Lodi, bakin kogin Sankuru, ranar 1 ga Disamba. Sojojin Majalisa da ke yankin ba su sa hannu ba, bisa hujjar cewa ya fita daga kariyarsu da ƙafarsa. Aka kawo shi Leopoldville a ɗaure, ana wulakanta shi a gaban masu ɗaukar hoto, sa'an nan aka kulle shi a barikin Thysville.

Ko a kulle bai daina ba su tsoro ba. Ikon Gizenga yana faɗaɗa a gabas, ranar 13 ga Janairu, 1961, kuma sojojin Thysville suka sake yin bore a kan albashi. Wani kwamitin sasantawa na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Jaja Wachuku na Nijeriya yake shugabanta, ya iso ƙasar a watan nan, bai sami ganinsa ba. Ministan harkokin Afirka na Beljiyam, d'Aspremont Lynden, ya aika wa Tshombe ta waya cewa ya karɓi fursunan. Ranar 17 ga Janairu aka sa shi a jirgi tare da Maurice Mpolo da Joseph Okito, ana dukansu tun daga tashi har sauka. A daren nan aka kai su daji a bayan Elisabethville aka harbe su ɗaya bayan ɗaya, Tshombe da waɗansu ministocinsa suna tsaye, hafsoshi Beljiyawa suna ba da umarni. Daga baya wani ɗan sanda Babeljiye, Gerard Soete, ya tone gawarwakin ya daddatsa su ya narkar da su cikin asid, don kada a sami kabarin da za a riƙa ziyarta.

Sai ranar 13 ga Fabrairu gwamnatin Katanga ta ba da sanarwar mutuwarsa, ta ce wai tserewa ya yi mutanen ƙauye suka kashe shi. Babu wanda ya yarda. Aka yi zanga-zanga a Ikko da Landan da Niyok, a Alƙahira ma aka cinna wa ofishin jakadancin Beljiyam wuta. Rasha ta sa wa wata jami'a a Masko sunansa. Mobutu, bayan ya ƙwace mulki gaba ɗaya a 1965, shi ne da bakinsa ya naɗa Lumumba gwarzon ƙasa a 1966, ya kuma ci gaba da mulki har 1997.

A 1999 wani mai bincike ɗan Beljiyam, Ludo De Witte, ya fitar da littafi da ya tona rawar da ƙasarsa ta taka. Majalisar Beljiyam ta kafa kwamiti, ya ba da rahoto a 2001 cewa waɗansu 'yan gwamnatin lokacin suna da alhaki a wuyansu, a 2002 kuma gwamnatin ta nemi gafara. Abin da ya saura daga jikinsa haƙori ɗaya ne, wanda Soete ya cire ya ajiye a gidansa. A watan Yuni na 2022 aka miƙa shi ga iyalan Lumumba a Burasel, aka zaga da shi Onalua da Kisangani da wurin da aka harbe shi, aka rufe shi a Kinshasa ranar 30 ga wata.